Ranar da Baba Ya Cinye Fanken Amurka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta na Tasawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar 'ya ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina roƙon Allah Ya sa wannan rana ta same ki cikin haske da ni'ima. Ni ce Hajara, daga Jidda, unguwar Sa'alaba, gidan benen nan da kika hau da ƙyar shekarar da kika zo umra, kina hutawa a kowane hawa kina cewa maginan garin nan ba su da tsofaffi. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma abin ya cika mini ciki, kuma ke kaɗai za ki gane shi yadda yake. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, masu karantawa su karanta su taya ni da amin.

Maganar Baba ce, Inna. Tun da kika tafi ya daina cin abinci.

Ƙanena Sani ne ya fara buga mini waya daga gida, ya ce yadda aka ajiye wa Baba kwano haka ake ɗauke shi. Maigidana ya shiga ya fita, ya roƙi kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, har aka samo wa Baba takardar ziyara. Na ce in ya ga Ka'aba, ya ga jikokinsa, zuciyarsa za ta saki. Ya ga Ka'aba kuwa, a keken tura marasa ƙarfi, ya yi kuka, ya yi miki addu'a. Da muka dawo gida sai ya samu gefen taga ya zauna da carbinsa, shi ke nan.

Babu abin da ban dafa ba. Akwai wata mata 'yar Maraɗi a unguwar Kurayyat da ke sayar da kayan miyarmu, har ta gaji da ganina. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, zogale, garin dawa, duk na kwaso. In yi tuwo mai laushi in kai masa, ya sa yatsa ya taɓa miya ya kai baki, ya ce alhamdulillahi, ya ture kwanon. Kin san bakina. Na yi lallashi, na yi ƙorafi, na yi fushi na fita na bugo ƙofa, na dawo na durƙusa na ba shi haƙuri. Kallona kawai yake yi. Zoben azurfar nan da tun ina yarinya ba ya fita daga yatsansa, rannan na tsince shi a kan darduma, ya zame da kansa.

Na kai shi asibitin unguwa. Likitar wata 'yar Sudan ce mai haƙuri. Ta ce ga ciwon suga a jikinsa, ga shi ba ya ci, kuma maganin suga a cikin da babu abinci shi ma haɗari ne. Ta rage masa maganin. Ta bi ni har bakin ƙofa ta ce mini a hankali, ya Hajja, in haka ta ci gaba sai dai mu kwantar da shi mu sa masa ruwa. Ni kuwa na san Baba. In aka kwantar da shi a gadon asibiti a ƙasar da ba ya jin yaren kowa, ba zai tashi ba. Wannan tsoron nake kwana da shi nake tashi da shi.

To ga 'yata, takwararki. Har yanzu Ummi muke ce mata, don bakina ba zai iya kama sunanki ba. Ta zama cikakkiyar budurwa, Inna, har ta fi ni tsawo. Hausarta dai tana nan yadda kika bar ta, tana ji sarai, amma in ta fara magana ba ta kaiwa ƙarshe sai ta zame cikin Larabci. Tana aiki a wani kamfanin gashin burodi da kayan zaƙi a unguwar masana'antu ta nan Jidda, mota ta ɗauke su da safe ta dawo da su bayan la'asar. Girkin gida kuwa, ke dai bari. Ko tuƙin tuwo na ce ta zo ta koya, sai ta ce Mama, yalla, wa yake da lokacin wannan? Kin tuna yadda Baba yake tsokanarta a waya yana ce mata Amarya, tana ce masa angon da ba haƙora? Tun da ya sauka gidan nan bai kira ta da sunan ba ko sau ɗaya.

Wata ranar Alhamis ta shigo da kwali a hannu tana ta murmushi. Wai an mayar da ita sashen da ake yin wani abu mai suna donat, kuma waɗannan da hannunta ta gama su. Na buɗe. Na ga abu kamar fanke, sai dai ya fi fanke faɗi da kumburi, an shafe samansa da cakulan yana ƙyalli. Ba irin mai rami a tsakiya ba ne da yara ke saye a kanti, wannan a rufe yake ruf.

Na yi abin da kika koya mini. Ba a yabon suya daga waje, sai an fasa. Ina fasawa sai ga wani abu ruwan ƙwai, mai kauri, yana dalalowa ta tsakanin yatsuna.

Innalillahi! Na ce Ummi, haka kuke sayar wa bayin Allah ɗanyen ƙulli? Muryarki ce ta faɗo mini a kunne, a rumfarki ta bakin kasuwa, kina riƙe da matsami kina cewa, Hajara, fanken da cikinsa ya jiƙe, mai shi ta yi gaggawa, kuma kowa zai sani. Kafin yarinyar nan ta buɗe baki na ɗora kasko, na tsiyaya mai, na kunna wuta. Niyyata in mayar da su duka su ƙarasa dahuwa tun maƙwabta ba su gani ba.

Ummi ta yi dariya har ta zauna a ƙasan kicin. Ta riƙe mini hannu tana cewa la, la ya Mama, wallah ba ɗanye ba ne, haka yake! Ta juya ɗaya ta nuna mini wata 'yar huda a gefe, wadda in ba a nuna maka ba ba za ka gan ta ba. Wai sai an soya shi tukuna ya dahu sarai, ya huce, sannan a soka masa wani bakin ƙarfe kamar allura a ɗura masa wannan abin. Shi kuma abin dafaffe ne, madara ce da gwaiduwar ƙwai da sukari ake damawa a wuta har su yi kauri, kastad suke ce masa.

Na kashe wuta na ɗanɗana. Waje laushi, ciki sanyi, ga ɗan ɗacin cakulan yana bin zaƙin a baya. Ni da na tashi a gindin kasko, na soya fanken da ba zai ƙirgu ba, ban taɓa kawowa a raina cewa za a iya yi wa ƙulli ɗaki a ciki a ajiye wani abinci ba. Wa ya fara tunanin wannan? Wace irin hikima Allah Ya zuba a kan 'yan Adam, har a abin da za a haɗiye a wuce?

Ummi ta zauna ta ba ni tarihinsa yadda aka koya musu a wurin aiki, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ta ce Turawan da suka ƙetare teku suka zauna Amurka su suka tafi da al'adar soya ƙulli a mai, kowace ƙabila da irin nata. Wasu a ƙasashensu na asali suna cusa masa 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, kuma suna yin sa ne gab da shiga azuminsu, don su ƙarar da mai da ƙwan da ke gida. Wannan nata kuwa sunan wani birni ya ci, Boston, inda aka san su da wani kek mai kastad a tsakiya da cakulan a sama, sai wani ya mayar da kek ɗin ɗan ƙarami ya soya. A can da safe suke ci da kofi, a tsaye, ko a mota, ko mutum ya sayi kwali guda ya kai wa abokan aikinsa.

Na ce tabɗi! Ashe kowa da fankensa. Larabawan nan suna da luƙaimat da suke tsomawa a zuma da azumi, mu muna da namu, su ma can ƙarshen duniya ga nasu. Har cakulan ɗin, wai 'ya'yan itacen da ake yin sa da su yawanci daga wajenmu suke fitowa, Gana da Kwaddibuwa. Su hau jirgi su tafi, a sarrafa su, su sake hawa jirgi su sauka Jidda, jikarki ta shafa su a kan fanken Amurka, 'yar Tasawa ta ci a kicin ɗin Sa'alaba. Na riƙe guntun da ya rage a hannuna ina juya shi, ina ta subhanallahi.

Sai dai fa da na tambayi abin da ke cikinsa, mamakin ya haɗu da tsoro. Fulawa ce fara tas, an cire mata dusa gaba ɗaya. Ga man shanu a ƙullin, ga man suya da ya sha. Sukari kuwa wuri uku: a ƙulli, a ciki, a sama. Ɗan abin gina jiki da ke cikinsa madarar ce da ƙwan, su ma ba su taka kara sun karya ba. Ummi da kanta ta ce ƙwaya ɗaya ta kusa kai kwanon abinci wajen sa ƙiba, amma ba ya riƙe ciki, yanzu ka ci, an jima yunwa ta dawo. Mai ciwon suga kuwa, nan da nan yake ɗaga masa shi. Na nuna ta da yatsa na ce ahir ɗinki, kar in ga abin nan ya doshi ɗakin Baba. Ta ce halas, Mama, na ji.

Washegari Juma'a bayan la'asar muka yi baƙo. Alhaji Bukar, dattijo ne haifaffen Jidda, kakanninsa da ƙafa suka zo aikin hajji suka zauna. Ɗansa ne yake neman Ummi, magana ta fara nisa, shi ne ya zo gaida Baba ya duba jikinsa. Muka shimfiɗa musu a falo, muka lallaɓo Baba ya fito ya jingina da matashi. Ina kicin ina haɗa shayi, ashe yarinyar nan ta jera donat ɗinta a faranti mai kyau, tana so uban saurayinta ya ga aikin hannunta. Da na gani ban yi tunanin hana ta ba, tunda mutumin da ya ƙi tuwo ba zai kalli wannan ba. Ta durƙusa ta ajiye tsakaninsu, ta ce da Hausarta mai tsalle, tafaddalu, bismillanku, ni na yi da hannuna.

Ina tsaye bakin labule da butar shayi na ga Baba ya ɗago kai. Ya kalli farantin, ya kalli Ummi. Ya miƙa hannun nan nasa da ya zama ƙashi ya ɗauki ɗaya. Mijin mai fanke ne, Inna, me kike tsammani zai yi? Ya fasa.

Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kan abin da ke ciki. Na ga ya yi sauri ya haɗe ɓarin biyu ya rufe a tafin hannunsa. Ya saci kallon Alhaji Bukar, ya ga hankalinsa na kan kofin shayi. Sai ya ce bismillahi, ya kai baki.

Rabin zuciyata na cewa ruga ki ƙwace, sukari ne zalla. Ɗaya rabin na cewa Hajara, tsaya inda kike, mutumin nan tauna yake yi. Na tsaya. Ya ci a hankali, yana kare bakinsa da hannu, yana lashe duk abin da ya nemi ɗiga tun bai kai ga rigarsa ba. Ya cinye tas. Alhaji Bukar ya miƙo hannu zai ɗauki nasa, sai Baba ya janye farantin gabansa ya rufe da gefen babbar rigarsa. Ya ce, da wata murya da na manta yana da ita, Alhaji, ka yi haƙuri ka sha shayinka, wannan girkin amarya ne, na ango ne shi kaɗai. Ya juya ya ce, Amarya, ɗauke ki kai mini ɗaki, kar kowa ya taɓa.

Alhaji Bukar fa a garin nan aka haife shi, jikokinsa kullum suna cin donat, ya san abin da ke cikinsa sarai. Na ga ya dubi Baba, ya dubi hannun da ke rufe da faranti, ya gane. Ya yi dariya ya ce ai ango ya fi gaskiya, ya ɗauki dabino. Allah Ya saka wa dattijon nan da alheri.

Da baƙo ya tafi, Baba ya aika a kira ni. Ya sa na tura ƙofa, ya ce in matso. Ya ce, Hajara, abin yarinyar nan bai dahu ba, cikinsa ɗanye ne sharaf. Amma kar ki yi mata faɗa, kar ma ki nuna kin sani. Ba don Allah Ya sa na riga shi fasawa ba, da ta ji kunya gaban surukinta.

Na buɗe baki zan yi masa bayani, sai ya ci gaba, idonsa na kan taga. Ya ce haka na uwarki na farko ya yi. Ya ce ke, Inna, kina amarya, satinki na farko a gidansu, kika soya fanke kika aiko zaure yana zaune da yayyensa. Ya fasa ya ga ƙulli. Ya ce musu cikinsa yunwa yake ji ba zai raba da kowa ba, ya cinye kwano guda shi kaɗai, ya kwana biyu yana murƙususun ciwon ciki, yana ce wa mutane zazzaɓi ne. Ya ce har kika koma ga Allah bai taɓa gaya miki ba.

Inna! Ke? Ke da matan Tasawa ke turo 'ya'yansu su koyi suya a wurinki? Ke da kike mayar mini da kwano guda cikin kasko saboda ɗaya ya jiƙe? Na zauna a ƙasa ina dariya hawaye na zuba, shi ma kafaɗunsa na rawa. Tsawon zamanku mutumin nan yana zaune kusa da rumfarki yana jin ana yabonki, yana riƙe da wannan a cikinsa. Na ɗauka na san ubana. Ashe ban san komai ba.

Ban gaya masa gaskiyar donat ba, kuma ba zan gaya masa ba. Na auna sugansa, ya hau sosai kamar yadda na ji tsoro, na zauna kusa da shi ina ba shi ruwa har ya sauko. Sauran da ke farantin na raba wa yaran maƙwabta. Da na ba likitar labari ta yi dariya, ta ce wannan dai kar a maimaita, amma duk abin da ya buɗe masa baki, mu bi ta nan.

Shi da kansa ma ya nuna mana hanyar. Kafin in fita daga ɗakin ranar ya riƙe mini gefen zane. Ya ce yarinya za ta shiga gidan mutane ba ta iya girki ba, kuma laifinmu ne mu manya. Ya ce ki bar ta ta riƙa dafawa tana kawo mini, ni zan ci, in gaya mata inda ta kuskure a hankali, ba irin faɗanki ba. Sannan ya ce, gobe me za ta dafa?

Gobe, Inna. Baba ne yake tambayar gobe.

Da na gaya wa Ummi duk yadda aka yi, ta kifa kai a cinyata ta yi kuka, tana ta faɗin ya Jaddi, ya Jaddi, wato kakana. Washegari tana saukowa daga motar aiki ta ɗaura zane ta shiga kicin. Faten wake ta fara yi, da alayyafo, irin wanda likita ta yarda da shi. Ya yi ruwa tsululu, waken ma da sauransa. Baba ya shanye rabin kwano, ya ce Amarya, an gode, amma wake ba ya son gaggawa, ki rage wuta ki ba shi lokaci. Ta koma dambun zogale, ya cika gishiri. Tuwon dawarta na farko kuwa duk gudaji. Ba ta iya ba da gaske, don haka gyaransa ma na gaske ne, kuma kafin ya gyara sai ya ci. Yanzu da ya ji ƙarar motarsu a ƙasa yake gyara zama ya sa hula. Jiya ya sauka benen nan da ƙafarsa, yana dafa kafaɗar maigidana, ya yi sallar la'asar a masallacin unguwa. Da ya dawo ya ce a gaya wa amarya yau miyar kuɓewa yake so, ya ga ko za ta iya.

Wannan shi ne labarin, Innata. Mijinki yana ci.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki Ya cika shi da ƙamshin Aljanna. Yadda kika ciyar da mu da guminki, Allah Ya ciyar da ke daga abin da ido bai taɓa gani ba. Yadda bawan nan naSa ya rufa miki asiri, ya rufa wa jikarki, Allah Ya rufa masa nasa duniya da lahira, Ya ƙara masa lafiya, Ya bar mana shi ya ga ɗaurin auren amaryarsa. In lokacinsa ya yi, Allah Ya sada ku a inuwa ɗaya, mu ma Ya kai mu inda kuke. Amin.

'Yarki mai kewarki kullum,
Hajara
Sa'alaba, Jidda